Ɗakin da Nev Ya Liƙe

Shekarar da ɓeraye suka yi mana taron dangi a yankinmu na Mallee, ita ce shekarar da aka gano mijina Nev yana da ciwon daji a jini. An yi alkama sosai a kakar da ta wuce, iska ta zubar da wata a ƙasa, ɓeraye suka ci suka ƙoshi, suka shiga haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Kafin ƙarshen Afrilu, in ka ɗaga fallen kwano a tsakar gida sai ka ga ƙasa tana motsi. Ƙafafun gadonmu huɗu a cikin bokitan ruwa suke. Kullum da safe sai na kwashe gawarwaki da shebur kafin in ɗora shayi. Kyanwarmu kuwa ta daɗe da yin murabus, tana kwance suna bi ta kan wutsiyarta, ko a jikinta.

Muna da ɗakin tafi-da-gidanka, irin wanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja: gado ɗaya, ɗan murhu, kabad uku, da teburin da ba ya zama daidai sai an sa masa takarda a ƙafa. Shekara ashirin da shida ke nan, duk watan Satumba kafin girbi ya riƙe mu, muke jan sa zuwa bakin teku a Streaky Bay mu yi mako uku. Nev ya yi ta kamun kifi, ni in yi ta soyawa ina mita. In sanyi ya shigo sai mu kai shi rumfar injuna mu ajiye.

Likitar da ta gan mu a Adelaide ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce maganin da za a riƙa ɗura masa ta jijiya ba warkarwa zai yi ba, ɗan jinkiri ne kawai zai samar masa, kuma sai mun zauna a birni daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Shi kuwa gogan tambaya ɗaya ya yi.

"To, Satumban nan zan iya zuwa teku?"

"In kana iya tsayuwa da ƙafarka, je ka," in ji ta. "Amma ka saurare ni da kyau. Kafin lokacin garkuwar jikinka ta ƙare. Kun ce ana annobar ɓera a wajenku. Duk inda ɓera ya yi kashi ko fitsari, ba kai ba kwana a wurin. Ko numfashi ban yarda ka yi a ciki ba."

Tun daga bakin ƙofar asibitin Nev bai ƙara maganar ciwo ba. Maganarsa ɗaya ce, kada ɓera ko ɗaya ya shiga ɗakin nan kafin mu dawo. Ni ma na san me ake ciki. Satumban da ke tafe shi ne na ƙarshe, duk da ba wanda ya faɗa.

Nev mutumin rumbu ne. Duk yankin nan in rumbun ƙarfe yana fitar da iska, shi ake kira ya zo ya liƙe, domin rumbun da ba a liƙe da kyau ba, ko an saka masa ƙwayar da ke fitar da hayaƙi mai guba, ƙwari ba sa mutuwa. Abin da ya iya ke nan, abin da ya yi wa ɗakinmu ke nan. Kwana tara ya yi yana abu ɗaya, yana yi yana zama ya huta. Ya fito da ɗakin daga rumfa ya kai shi tsakiyar fili, ya cire tayoyin, ya ɗora shi a kan ƙarafa huɗu, kowane ƙarfe a tsaye cikin rabin durom na ruwa. Ya bi duk wata kafa da soson ƙarfe, ya bi soson da danƙo. Ya aro abin hayaƙin masu kiwon zuma ya cika ɗakin da hayaƙi, ya sa ni da ƙanensa Kelvin muna zagayawa muna neman inda zai ɓullo. Kelvin ne zai kula mana da gona, gidansa na ƙetaren hanya.

"Ga wata kafa nan ƙarƙashin tankin ruwa," in ji Kelvin, yana kwance a ƙasa. "Kai tsohon nan, wannan ai ko tururuwa ba ta shiga."

"Sa fensir ka gani. Ya shiga?"

"Ya shiga."

"To ɓera ma zai shiga. Miƙo mini danƙo, ka daina yi mini wa'azi kana kwance kamar bijimi ya ƙoshi."

A rana ta tara muka yi faɗa. Ni na ce a kwashe komai, katifa da barguna da labule da duk abin da haƙori zai iya kamawa, a bar ɗakin fayau. Haka uwata take yi wa ɗakin ajiya, haka hankali ya ce. Nev ya ce a'a, shirya shi za a yi tsaf, da abinci da shimfiɗa, yadda ranar da muka dawo sai dai a mayar da tayoyi a ɗaura a tafi.

"Ka taɓa ganin an yi wa ɓarawo girki an ajiye?" na ce.

"Ta ina zai shiga, Raelene? Nuna mini. Ke da kanki kika zagaya."

"Taurin kan nan naka ne zai kashe ka, ba ciwon ba."

Ya riƙa juya makulli a hannu. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In mun dawo ba ni da ƙarfin ɗaukar ko kwali. Za ki ce mu huta kwana biyu, kwana biyu ya zama mako, daga nan sai ki ce bari in ƙara jin sauƙi. Na san ki. Ki bar shi a shirye."

Gaskiya ya faɗa. Na shiga gida ina share hawaye da gefen riga, na fara kwaso kaya: fulawa, shinkafa, sukari, biskit, ganyen shayi, kabewa biyu manya daga lambuna, da kwalin barguna da ke saman kabad a ɗakin wanki. Ni na ɗauko kwalin nan, ni na ajiye shi a kan gado. Ban zazzage shi ba, raina a ɓace yake, so nake kawai a gama. Nev ya ja ƙofa ya kulle, ya bi gefenta da danƙo, ya jefa makullin a aljihu.

"Ba mai buɗe ƙofar nan sai na dawo," ya ce wa Kelvin. "Ko gobara ake yi."

Watannin Adelaide ba na son tuna su. Muna zaune a wani ɗan ɗaki kusa da asibiti, ruwan sama kullum, sanyi har cikin ƙashi. Gashin Nev ya zube, bakinsa ya yi gyambo, mutumin da ke cinye rabin ƙafar rago ya koma cokali uku na kunu. Amma in ya sami ɗan ƙarfi sai ya hau ba ma'aikatan jinya labarin ɗakinsa, yadda ya liƙe shi, da irin kifin da ake kamawa a Streaky Bay. Makullin na nan kan ɗan teburin gefen gadonsa tare da tabarau. Wata ma'aikaciya ta taɓa ɗauke shi za ta goge teburin, ya kusa cinye ta ɗanya.

Tsakiyar Yuli, wata Talata da rana, ina tsaye a barandar asibiti Kelvin ya kira ni. Ya tambayi jikin Nev, ya ba ni labarin ruwan da aka yi, da tinkiyar da ta faɗa rami. Na san Kelvin, ba ya doguwar gaisuwa sai da dalili.

"Kelvin, faɗi abin da ka kira ka faɗa."

"Rae, akwai motsi a cikin ɗakin nan."

"Wane irin motsi?"

"Na kara kunnena a jiki. Suna ciki. Kuma ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na zagaya sau uku, babu kafa ko ɗaya, kowane durom da ruwansa. Ba daga waje suka shiga ba. Da su aka rufe."

Nan take kwalin barguna ya faɗo mini a rai. Macen ɓera ɗaya mai ciki a cikin bargunan ta isa, ga kuma abinci na mako uku mun jera mata, ga kabewa a madadin ruwan sha. Mako bakwai ke nan.

"To a buɗe mana, a kwashe, a wanke," na ce.

"Makulli na wajensa. In kuwa na ɓalle ƙofar, ba ta ƙara liƙuwa, kuma kin san yadda waje yake yanzu, kafin in fitar da goma ɗari sun shiga. Ki karɓo mini makullin, in nemo mutum biyu mu yi a wuni ɗaya."

Na leƙa ta gilashin ƙofa. A makon nan Nev ya fi kowane lokaci jin jiki, zazzaɓi ya ƙi sauka, likitoci suna ta shiga da fita. Da safiyar ranar ya buɗe ido ya tambaye ni ko na tuna na saka masa ƙaramar wuƙar gyaran kifi. In na ce ya ba ni makulli, sai na gaya masa dalili. In na ɗauka a ɓoye, kafin awa ɗaya ya lura. Na ji tsoro. Tsoro na ji ƙwarai, cewa in ya san aikinsa na kwana tara ya tashi a banza zai saki jiki ya tafi a makon nan.

"Ba zan iya ba," na ce. "Ba yanzu ba."

Kelvin ya yi ajiyar zuciya. "To akwai wata hanya. A yi masa irin na rumbu. Ai a liƙe yake, ya fi rabin rumbunan garin nan liƙuwa. In hau sama in buɗe 'yar tagar rufi, in zuba ƙwayar hayaƙi, in mayar in liƙe. Kafin mako babu mai numfashi a ciki. Ɓarnar ta tsaya inda ta tsaya, in kun dawo a share a wanke."

Maganar ta zauna mini daidai. Shekara arba'in ina ganin ana yin haka, a saka ƙwaya, a rufe, a dawo a tarar da hatsi lafiya lau. Abin da ni da Kelvin ba mu tsaya mun tuna ba shi ne, abin da hayaƙi ke kashewa a rumbu ƙwaro ne, ya mutu ya bushe ya zama gari. Ɓera nama ne da jini. Mu biyu, manya da furfura, ba wanda wannan ya zo wa a rai.

"Yi," na ce. "Kuma kada ya ji."

Na koma ciki na zauna. Nev ya tambaye ni wa ya kira, na ce Kelvin ne, tinkiya ta faɗa rami. Mako bakwai na yi ina ɗauke da wannan ƙarya, ina jin sa yana ba mutane labarin ɗakin da ko tururuwa ba ta shiga, ina gyaɗa kai.

Ran huɗu ga Satumba aka sallame mu. Ɓerayen sun ragu da kansu kamar yadda suka saba, sanyi da cuta da cin juna sun gama da yawancinsu. Alkama ta yi kore shar, rana ta fara zafi. Kelvin da matarsa sun wanke mana gida tas da ruwan bilic. Na zaunar da Nev a kujerar baranda da takunkumi a fuska, na rufa masa bargo a ƙafa. Daga nan yana hango ɗakin a tsakiyar fili, fari fat, kamar ranar da muka bar shi.

Ya zaro makulli ya miƙo mini. "Je ki buɗe ya sha iska. Jibi da sassafe mu kama hanya."

Ni da Kelvin muka tafi. Ya yanke danƙon da wuƙa, na murɗa makulli, muka ja ƙofa muka matsa gefe domin iska ta kwashe ragowar hayaƙin. Ba hayaƙin ne ya fito ba. Na sha kwasar mushen tumaki a tsakiyar zafi, ban taɓa jin wari irin wannan ba. Kelvin ya juya ya yi amai a kan takalminsa.

Da na iya leƙawa, na ga katifa ta zama rami-rami, audugarta a baje har bakin murhu. Suna ko'ina, manya da jajayen 'ya'ya, a kan gado, a cikin tukunya, a cikin ɓawon kabewa. Wannan duk da sauƙi, shebur zai kwashe. Amma da hayaƙin ya kama su, yawancinsu sun gudu sun shige tsakanin bango da bango, da cikin rufi, suka mutu a can. Mako bakwai a rufe, rana tana dukan kwano. Katakon bangon ya jiƙe ya yi baƙi daga sama har ƙasa, abin yana tsattsafowa ta bakin kusoshi. Na taɓa da yatsa, katakon ya lotsa.

"Ko za a ɓaɓɓare bangon a sake?" na ce, duk da na san amsa.

"Rae," in ji Kelvin, yana goge baki, "ko mai lafiya ba zai ƙara kwana a nan ba."

Da a ce a Yuli na karɓi makullin, da katifa da abinci kawai muka yi asara. Wannan na sani a tsaye a wurin, kuma har yau na sani.

Na tuɓe rigar sama na yar a fili, na wanke hannu da fuska a famfon lambu, na nufi baranda. Ban hau ba, na tsaya a ƙasan matakala, nesa da shi. Na buɗe baki ke nan ya ɗaga hannu.

"Iska ta riga ki," ya ce. "Ta ina suka shiga?"

Na gaya masa duka, da kwalin barguna, da wayar Kelvin, da ƙwayar hayaƙi, da tinkiyar da na yi masa ƙarya da ita. Ina faɗa ina jira ya yi mini tsawa. So nake ya yi, da na sami sauƙi. Sai ya juya yana kallon fili.

"Ba su shiga ta waje ba ke nan," ya ce.

"Ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Ƙwaya nawa ya zuba?"

"Nev, wace irin tambaya ce wannan?"

"Ni ma da ni ne a gida, abin da zan yi ke nan," ya ce a hankali. "Ki daina kukan nan, tsohuwa, kina ɓata mini baranda."

Na ce za mu nemi aron wani ɗakin, ko mu kama masauki a bakin tekun. Ya ce to. Amma daga yadda ya faɗa na san ba za a je ba. Daga mota zuwa kujerar nan ma sai da muka riƙe shi mu biyu. Ɗakin da ke shirye, da gadon da ya sani a bayansa, shi kaɗai ne zai iya fitar da shi daga gidan nan, ya kuma san haka tun watan Mayu.

Washegari da hantsi Nev ya sa Kelvin ya mayar da tayoyi, ya ɗaura ɗakin a bayan akori-kurarmu. A ƙarshen gona, bayan gonar sha'ir, akwai ramin da muke zubar da mushe mu ƙone. Tafiyar kilomita uku ce. Kelvin ya buɗe ƙofar direba zai shiga.

"Sauka," in ji Nev daga baranda. "Wa ya taɓa ja mini ɗaki?"

"Kai tsoho, ko cokali ba ka riƙewa da kyau."

"To zo ka ɗora ni, ka ga ko sitiyari cokali ne."

Muka ɗora shi. Na shiga gefensa, muka ɗaga gilasai. Ya gyara madubin dama, ya sa ni na gyara na hagu har sau biyu. Ya tayar da mota, muka fita a hankali, ɗakin yana rangaji a bayanmu, Kelvin na biye a tarakta da jarkar man dizal. A mararrabar da ke bayan rumbuna, inda babu kowa sai tumaki, Nev ya kunna sigina kafin ya karya kwana. Gumi na zubo masa, amma bai bar taya ɗaya ta faɗa rami ba.

Da muka isa ya juya motar, ya sa ribas, ya tsaya.

"Sauka ki nuna mini da hannu," ya ce.

Na sauka na tsaya inda zai gan ni a madubi. Na yi masa alama ya taho, ya taho, ya ɗan karkata hagu, ya taho. Sau ɗaya ya yi, ya ajiye ɗakin daidai bakin ramin. Na ɗaga tafin hannu ya taka burki. Kelvin ya zo ya kwance ƙugiyar.

Na koma mota na zauna. Nev ya kashe inji, ya jingina kansa da kujera, idonsa a rufe, yana numfashi da ƙyar.

"Mun iso?" ya ce.

"Mun iso."

"To ki zagayo ki ja mu gida. Na gaji."